Ƙullun da Ya Ƙi Tashi

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Littafin nan na ɗakin gwaji ne tun ina jami'a a Sakkwato. Rabinsa lambobi, rabinsa fari. Na zaro shi daga ƙasan akwati, inda yake kwance da takardar shaidar karatun da ba ta taɓa yi wa kowa aiki ba sai kyankyasai. Tunda gidan nan babu wanda zan faɗa wa magana, bari in faɗa wa takarda.

Kwana tara ke nan da aka tafi da Kyauta. Ga shi na rubuta sunan, takarda ba suruka ba ce balle in ji kunyarta. 'Yar fari ce, shekararta uku da wata biyu, ban taɓa kiran sunanta a gaban manya ba. Abin da ya faru ranar Asabar ɗin can ba zan rubuta shi ba. Ubanta Jafaru ya zo daga Rabah da mota, Hajiya uwarsa ta kwance ta daga bayana, suka wuce asibiti Sakkwato. Aka ce ni in zauna, jinyar ɗan fari ta kaka ce. Al'adar ta zo wa Jafaru daidai, don ko sau ɗaya bai dube ni ba.

Bayan kwana uku ya turo saƙo a waya: likita ya ce gubar dalma ce a jininta. A ƙasa ya ƙara da cewa, “Ke da kinka karanta ruwa.”

Takalminta na nan bakin ƙofa.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Wata goma da suka wuce na taho Magarya taya Inno, mahaifiyata, zaman takaba bayan rasuwar Baba. Takaba ta ƙare na kasa barinta, na ce sai bayan Salla.

Yanzu haka ina jin ƙarar guga. Rijiyar tana ƙofar gida, Baba ya gina ta da kuɗin albasar shekara uku ya ce sadaka ce, duk unguwa nan ake ɗiba. Rijiyar Malam Shittu ake ce mata. Kullum da safe Inno na zama kan tabarma kusa da zaure da tasbaha, duk gugan da ya fito sai ta ce Allah shi kai lada kabarin Malam. Tun da ya rasu ban ga abin da ke sa ta murmushi ba sai wannan ƙarar.

Taku goma sha biyu daga bakin rijiyar, bayan danga, rumfar Yaya Mode ce. Na auna ɗazu. Tun da gonarsa ta wajen Shinaka ta gagari zuwa, kowa ya san dalili, sai ya koma fasa tsofaffin batura na mota da na sola. Yana narka dalmar ciki a kasko, ya zuba 'yan ƙwallayen da masunta ke ɗaura wa birgi, ragar kamun kifi, don ya nitse, ran Lahadi ya kai kasuwar Goronyo. Ruwan batir da tokar yana tuttule su a makwarara, makwararar kuwa ta gindin rijiya ta bi. Baba na da rai bai yarda an yi wannan aikin a gidansa ba.

Na gani tun watan farko. Na ce zan yi magana bayan arba'in. Bayan arba'in na ce bayan takaba.

Laraba, 16 ga Afrilu, la'asar

Na kira Jafaru sau biyu. Tana shiga, ba a ɗauka.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Shekaranjiya na cire kunya na kira Dakta Zakiyya, wadda ta duba aikina na shekarar ƙarshe. Shekara biyar rabona da ita, amma ina sallama ta ce, Mashkura mai yis? Na ce mata wata ƙawata ce ke zargin ruwan rijiyarsu. Ta ce za ta aiko wa ƙawar tawa da abin gwaji.

Yau direba ya kawo: 'yar kwalba da ƙananan kofuna. In an ɗiga a ruwa mai dalma sai ya yi ja. Na rufe ƙofa na ɗiga a ruwan leda, ya tsaya yadda yake. Na ɗiga a namu na randa.

Zoɓo. Zoɓo na sayarwa ma, ba na sadaka ba.

Na zauna bakin gado ina kallonsa har aka kira azahar. Da wannan na dama wa Kyauta koko wata goma. Tsoro nake ji, kuma haushin kaina ya fi tsoron yawa.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da hantsi

Yaya ya tafi Goronyo, gidan ya zama nawa.

In na ce a rufe rijiya, na yanke wa Baba lada a idon Inno, kuma na tona wa ɗan'uwana asiri a gaban unguwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To amma ai na san wata hanya, a kanta aka ba ni takarda. Yis ɗin da ake sa wa ƙullun masa da burodi ƙananan halittu ne, kuma fatar jikinsu na kama dalma kamar yadda ƙaya ke kama zane. Ba sai suna da rai ba, mataccen ma ya fi sauƙin sha'ani, ba ya kumfa ba ya tsami.

Na sayo ƙunshi shida a shago. Na tafasa, na shanya a faifai bisa rufin ɗaki. Inno ta tsaya ta kama ƙugu tana kallona. Na ce aikin makaranta ne nake tunawa. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin makarantar da ake dafa yis ana kashe shi ba, almubazzaranci dai ko a boko sunansa ke nan. Inno ce fa, wadda ƙasarin gero na awaki ne, ƙanzo na kwaɗo, ruwan wankin shinkafa na gindin zogale. A gidanta ba a zubar da komai.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Cokali biyu a bokiti guda, ɗigon lemun tsami kaɗan, na juya da sabuwar muciya har kafaɗata ta yi tsami. Na bar shi awa uku. Yis ɗin ya kwanta a ƙasa fari tas. Na tsiyaye na sama, na tace da farin ƙyalle ninki huɗu, na ɗiga maganin.

Ja ɗin ya koɗe. Na sake zagaye na biyu da sabon yis, sai ka ƙura ido kafin ka ga alamarsa.

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, har na waiga in ga ko wani ya ji. Rabona da dariya tun ranar Asabar ɗin can. Na cika randar Inno da tataccen ruwa ba ta sani ba. Ta sha ta ce ruwan yau ƙamshin burodi yake.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Guga hamsin da ɗaya kafin hantsi. Ni kuma bokiti biyu nake iya tacewa a wuni.

Alhamis, 24 ga Afrilu, azahar

Na kira Dakta da murnata. Ta bari na gama zuba, sannan ta tambaye ni ina ƙawar tawa ke kai lakar da ta kwanta.

Na ce tana tarawa.

Ta ce to, dalmar ba ta tafi ko'ina ba, an dai tattaro ta wuri ɗaya, abin da ke cikin bokiti ashirin yanzu yana cikin kofi guda. In an zuba ƙasa zai koma rijiya, in an ƙona zai bi iska. Ta ce ɗigon da ta aiko ba ya ganin ɗan kaɗan, ɗan kaɗan ɗin kuwa ya ishi yaro. Ta ce ƙasar tsakar gidan ma abin tsoro ce, tunda yara a ƙasa suke wasa. Sannan ta ce, “Mashkura, yis na tsare baki ne kafin a toshe inda gubar ke fitowa. Ki faɗa wa ƙawarki ta buɗe baki kafin ruwan sama ya sauka.”

Na ce to. Na kashe wayar ina ce mata a raina, ke ai ba ki da Inno.

Lakar tana cikin 'yar ƙaramar robar fenti mai murfi a ƙarƙashin gadona. Ta kusa rabi. Fara ce, sumul, kamar gasarar koko.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Yis ba zai ishi unguwa ba, don haka na shiga neman abin da ba a saye. Na je kanal, magudanar ban-ruwa ta masu shinkafa, na kwaso gansakuka cike da buhu, mata masu wanki suna ta kallona kamar sabon kamu. Na wanke, na shanya, na daka. Tana kamawa, amma ba ta kai yis ba, kuma ruwan ƙarnin kwaɗi yake. Na jiƙa dusa na rufe don ta yi fumfuna, ita ma a littafi tana aiki. A ɗaki kuwa wari ya kore ni, na fitar da ita bayan gida.

Ina dawowa na iske Sa'adiya maƙwabciyarmu a zaure, ta zo neman kanwa. Ta ce Hafiza, 'yarta mai shekara biyu, kwana huɗu ba ta cin abinci, sai kukan ciki da rigima, ga bayan gida ya ƙi fita. Ta ce haƙori ne. Inno ma ta ce haƙori ne.

Mu ma haƙori muka ce.

Na ɗebo mata tataccen ruwa a jarka na ce ta riƙa ba ta wannan, na tofi ne. Ta yi ta godiya har ƙofa. Ban taɓa jin na raina kaina kamar yau ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, da hantsi

Na sami Yaya a rumfa yana zuga wuta. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa a hankali. Bai ɗago ba. Ya rame, kullum yana daure da ƙyalle a kai don ciwon kai, ga wani shuɗin layi a dasashinsa da na daɗe ina yi kamar ban gani ba.

Ya ce, “Ni da nika narka ta da hannuna ban mutu ba, sai ruwa? In na bari, mi za mu ci? Takardakki?”

Na ce, “Yaya, ko ka matsa da rumfar bayan gari.”

Ya ce bayan gari wa ke zama shi kaɗai a zamanin nan. Ya ce in na kuskura na kai wa Inno wannan zance, zuciyarta ba za ta ɗauka ba, kuma alhakin a wuyana. Sai ya tambaye ni jikin yarinyar. Shi ne fa ke ɗora ta a wuya ya kai ta kallon wuta. Ya taɓa zuba mata 'yar ƙwallon dalma guda, mai santsi, ta yi wasa da ita. Wannan ma na gani.

Talata, 29 ga Afrilu, kafin magariba

Saƙon Jafaru: an sallame su, suna Rabah. Ba za ta sake taka gidan nan ba.

Ban tambaya ko tana magana ba. Na kai takalmin ciki, na sake fito da shi.

Alhamis, 1 ga Mayu, la'asar

Inno ta jiƙa shinkafa. Gobe Juma'a za ta toya masa ta raba wa yaran unguwa, sadakar samun sauƙin jikarta. Ta aika an faɗa gida gida. Na ce in taya ta, ta ce in je in ji da makarantata. Kaina na ciwo, zan kwanta da wuri.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan azahar

Dole sai na rubuta wannan.

Bayan asuba barci ya ɗauke ni. Surutun yara ya tashe ni, rana ta riga ta fito. Na leƙo na ga tsakar gida cike, sun kai ashirin, kowa da ɗan kwanonsa, Sa'adiya na gefe da Hafiza a baya. Tanda na kan wuta har mai ya soma hayaƙi. Inno na zaune gaban ƙwaryar ƙullu tana bugunsa da ludayi, ranta a ɓace. Inno da ke gama tuya kafin gari ya waye, yau ko guda ba ta zuba ba.

Tana ganina ta ce, “Ke, wane irin yis na kika saye? Tun jiya nas sa shi, ƙullu ya ƙi tashi, ya kwanta awa laka. Tun asuba nika jira.”

Na ce wane yis.

Ta ce, “Wanda kinka tara ƙarƙashin gado mana. Ina shara nig gane shi. Ga abu roba guda yana lalacewa, in tai shago in sayo wani?”

Robar na bayanta, a buɗe, an kwashe fiye da rabi. Ta ce ba komai, za ta sa 'yar kanwa ta toya hakanan, yara ba su san bambanci ba. Ta cika ludayi ta miƙa hannu wajen tanda.

Ban san lokacin da na tsallaka tsakar gidan ba. Na riƙe wuyan hannun mahaifiyata, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na karɓe ludayin, na janye ƙwaryar, na kife faifai a kai na zauna na danne shi da hannu biyu. Na tambaye ta ko ta ɗanɗana. Ta ce wa ke ƙullu bai taɓa harshe ba, ɗan yatsa guda ne. Sannan ta ce in ɗaga mata abincin sadaka, in ba hauka nake ba.

Sai na faɗa. Ba a ɗaki ba, ba a hankali ba, duk yadda na yi kwana da kwanaki ina shiryawa ban yi ko ɗaya ba. Na ce, “Inno, guba ce. Dalma ce na tsamo daga ruwan rijiyar Baba. Ita ta kwantar da Kyauta, ita ke cin Hafiza. Daga rumfar Yaya take fitowa, kuma na sani tun bara.”

Na kira sunan 'yata a gaban uwata da rabin unguwa. Wannan ne ma ya fara sa Inno ta ɗago ta dube ni.

Sa'adiya ta ce ruwan tofin fa? Na ce ba tofi ba ne. Ta juya ta fita ba sallama, yara suka bi ta da kwanoninsu wayam. Na ɗauko kwalbar na ɗiga a moɗar ruwan rijiya a gaban Inno. Ta kalli jan, ta kalli rumfa. Yaya na tsaye bakin danga. Inno ta sauke tanda, ta yayyafa wa wutar ruwa, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Da ban tafasa yis ɗin nan ba, da ƙullun ya tashi.

Na rubuta wannan layin, na karanta shi ya fi sau goma.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan la'asar

Mai unguwa da liman sun zo da mijin Sa'adiya. Na sake ɗigawa a zaure a gabansu, daga bayan ƙofa nake ba da amsa. Mai unguwa ya ce me ya sa ban faɗa tun da wuri ba. An ɗora tsohon kwanon rufi a bakin rijiya, an danne da duwatsu. Liman ya ɗaga murya don Inno ta ji daga ciki, ya ce kawar da cuta daga hanyar mutane shi ma sadaka ne, ladan Malam ba ya yankewa. Labulen bai motsa ba.

Na kira Dakta na ce babu wata ƙawa. Ta ce ta sani tun ranar farko. Ta ce in rufe ƙullun da sauran lakar ram, za ta aiko a ɗauka, kuma za ta yi magana da masu kiwon lafiya su zo su auna jinin yara, a kankare ƙasar gidan.

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Yaya ya tafi Goronyo jiya da kaskonsa da tabarmarsa. Bai dawo ba. Bai yi mini sallama ba, amma na iske 'yar ƙwallon nan a kan dokin ƙofata. Ashe ya san inda take. Na jefa ta cikin robar.

Safiya ba ƙarar guga. Ban san haka gidan nan yake da shiru ba. Mata na wucewa da jarkoki zuwa famfon makarantar firamare, tafiya ce mai nisa a wannan rana, ga layi. Wasu na gaishe ni sama sama, wasu na kau da kai. Na ji wata na cewa 'yar boko ta kashe rijiyar ubanta. Wata ta ce a'a, ta dai bari sai da ta sha 'ya'yan mutane. Duka biyun ban musa ba.

Talata, 6 ga Mayu, azahar

Inno na karɓar abinci, ba ta karɓar gaisuwa. Kwana huɗu.

Laraba, 7 ga Mayu, la'asar

An auna yara goma sha tara. An wuce da Hafiza da wasu biyu Sakkwato. Ban fita ba, ta kafar danga na ga motar.

Alhamis, 8 ga Mayu, kafin magariba

Hadari ya haɗu daga gabas tun azahar, na farko a bana. Maza sun kwashe ƙasar rumfa da ta makwarara a buhuna jiya, saura gefen zaure, sai na ɗauki shebur na shiga yi ni kaɗai ina tsere da iska.

Na ɗago na ga Inno ta fito. Ta wuce ni ta tsaya bakin rijiya. Igiyar guga na nan ɗaure a gwafa inda Baba ya ƙulla ta da hannunsa, babu wanda ya yi ƙarfin halin taɓawa. Ta daɗe tana fama da ƙullin, ya ƙi, ta sa haƙori. Ta naɗe igiyar a hannu, ta ɗauki gugan ta rungume.

Ba ta dube ni ba ta ce, “Ni nika ba ta ruwan ga da hannuna. Kullum sai in ce sha, na kakanki na.”

Na ce, “Inno, ba ki sani ba. Ni ce na sani.”

Ta ce, “To kin ji daɗin shirun naki?”

Na ce a'a. Ta tsaya kamar za ta ƙara wata, sai ɗigon farko ya sauka kan kwanon rijiya. Ta ce in shigo da shanyar zogale kada ta jiƙe.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Da safe Inno ta ɗauki jarka da kanta ta tafi famfon makaranta, na bi ta na karɓa a hanya. Ta jiƙa shinkafa da ruwan. Ta aike ni shago in sayo yis, ta ce mai rai, ba irin nawa ba. Ta sa na buɗe ƙunshin a gabanta. Sabuwar ƙwarya, sabon ludayi, tandar ma ta aro.

Ta ce gobe in shirya in tafi Rabah. Na ce ba a kira ni ba. Ta ce uwa ba a kiranta.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar, a mota

Ƙullun ya tashi har ya ɗaga faifai.

Na isa Rabah da hantsi. Jafaru ba ya nan, ko kuma an ce ba ya nan. Hajiya ta amsa gaisuwata yadda ya kamata, ba ƙari ba ragi. Na miƙa kwanon masa na ce daga Inno. Ta karɓa, ta ce an gode, ta ɗora shi can bisa katanga inda yaro ba ya kaiwa. Labarin ƙullu ya riga ni zuwa.

Kyauta na zaune kan tabarma a inuwar ɗaki. An aske mata kai. Hannun hagu a kan cinya yake, ba ta cika ɗaga shi ba. Ta kalle ni ta daɗe, ba ta taso ba, ba ta yi kuka ba. Hajiya ta ce tun asibiti ba ta furta kalma ba, amma likita ya ce a ba ta lokaci. Na zauna nesa kaɗan kamar baƙuwa, ina tambayar Hajiya zafi da ruwan jiya, idona kuwa yana wuri ɗaya.

Sai na ga ba ni take kallo ba. Katanga take kallo. Ta san ƙamshin masar kakarta.

Na tashi ba tare da neman izini ba, na sauko da kwanon, na zauna a gaban Hajiya na buɗe. Na ɗauki guda na ci. A gaban suruka, ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Na tauna a hankali na haɗiye, na ɗauki ta biyu na cinye. Matan gidan suka bar abin da suke yi. Na ɗauki ta uku na gutsura, na riƙe rabin a hannuna bisa gwiwa, ban miƙa wa kowa ba.

Kyauta ta ja jiki a kan tabarma, ta matso, ta sa hannun dama ta ɗauke rabin daga hannuna. Na dubi Hajiya. Hajiya ta dubi ƙasa, can ta ce wa wata ta kawo wa yarinya ruwa kada ta shaƙe.

Ta ci uku. Ba ta kira ni ba. Da zan taso ta riƙe gefen mayafina da hannu mai maiƙo, sai da Hajiya ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta rako ni har zaure, ta ce Juma'a in na samu mota in taho da wuri.

Na kai wa Kyauta takalmin. Ya yi mata kaɗan, amma na baro shi can.